Shin igiyar rediyon wayar salula na jawo ciwon daji? Abin da bincike ya gano da yadda ya gano shi

Tambaya: "Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wayar salula cikin abubuwan da ka iya jawo ciwon daji. Kwanan baya kuma na ga wani labari yana cewa hukumar nan dai ta ce babu wata alaƙa. Wanne zan ɗauka? Aikina na yawan amsa waya ne, wani lokacin har kunnena ya ɗau zafi, ga kuma 'ya'yana sun fara riƙe waya. Ta yaya ma masu bincike ke gane irin wannan abu?"

Malama, labaran nan biyu kowanne na da tushe, amma shekara 13 ce tsakaninsu. Na farko daga 2011 ya fito, na biyu daga 2024, kuma a tsakanin an tara hujjoji masu yawa. Idan amsa a taƙaice kike so, ga ta: bayan sama da shekara 30 ana bibiyar al'amarin, ba a ga cewa masu amfani da waya na kamuwa da ciwon dajin ƙwaƙwalwa fiye da sauran mutane ba. Babban haɗari irin na taba sigari, da akwai shi da tuni ya bayyana. Sai dai tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin wanda ya san yadda ake gudanar da binciken ba zai riƙa firgita da kowane kanun labari ba.

Waya na magana da ƙarfen sabis ne ta igiyar rediyo, galibi a zangon da ke tsakanin megahaz 700 da gigahaz 3.5 (ma'aunan saurin kaɗawar igiyar ke nan). Danginsu ɗaya da hasken rana da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Hasken hoton ƙashi na iya tsinka sinadarin DNA da ke cikin ƙwayar halitta kai tsaye, kuma ta nan ciwon daji ke samun ƙofa. Ƙwayar makamashin igiyar waya ta gaza abin da ake buƙata don yin wannan ɓarna da kusan ninki miliyan. Abin da aka tabbatar tana yi wa tsoka shi ne ɗumama ta, kamar yadda na'urar ɗumama abinci ke yi, sai dai ita na'urar tana aiki da wat 800 zuwa 1,000 a cikin rufaffen akwati, waya kuwa ko tsohuwar GSM ba ta wuce wat 2, ta zamani kuma iyakarta kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat guda, kuma yawancin lokaci ƙasa da haka take fitarwa sosai. Ɗumin da ke isa ƙwaƙwalwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya ba. Zafin da kike ji a kunne yawancinsa daga batir ne da injin wayar, da kuma yadda jikinta ke toshe wa fata iska.

A kan wannan ɗumi aka gina dokokin kariya. Akwai ma'aunin da ake kira SAR, wato yawan makamashin da kilo ɗaya na tsoka ke zuƙa. An gano cewa sai duk jiki ya zuƙi wajen wat 4 a kowane kilo kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai aka raba wannan gida 50 aka ce iyakar da jama'a za su fuskanta ke nan. Ga kan mutum kuwa, Amurka ta tsayar da wat 1.6 a kowane kilo, Turai da ƙasashe da dama suka bi ICNIRP, hukumar masana ta duniya mai tsara iyakar irin wannan igiya, da ke Jamus, a kan wat 2. Ana gwada kowane samfurin waya a jikin wani kan roba da aka cika da ruwa mai kwaikwayon tsokar mutum. Kuma dokar tana cizo: a watan Satumban 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan gwajinta ya nuna wat 5.74 a inda iyakar gaɓoɓi take wat 4, har sai da Apple ya sabunta manhajar wayar.

To me ya sa ba a tsaya nan an ce magana ta ƙare ba? Domin rashin sanin hanyar da abu zai bi ya yi illa ba ya nufin babu illar. A 1993 wani Ba'amurke ya fito a tashar CNN yana cewa waya ce ta jawo wa matarsa ƙarin da ya kashe ta. Kotu ta kori ƙarar da ya shigar, amma tambayar ta zauna. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shiri na musamman kan lamarin, kuma ta yi daidai, domin abin da biliyoyin mutane ke mannawa a kai kullum, ko haɗarinsa ɗan mitsitsi ne, adadin waɗanda zai shafa ba kaɗan ba ne.

Binciken kansa na da wuya ƙwarai. Ciwon dajin ƙwaƙwalwa da aka fi sa wa ido, wanda ake kira giliyoma, bai kai ya kama mutum 10 cikin 100,000 a shekara ba. Yana iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya nuna kansa. Ba kuma zai yiwu a tara mutane a ce wa rabi su yi waya, rabi kada su taɓa ta har shekara 20 ba. Dole sai an bi ta bayan gida, kuma kowace hanya da irin raminta.

Hanya ta farko ita ce a nemo marasa lafiya, a nemo masu lafiya sa'o'insu, a tambayi kowa yadda ya yi amfani da waya a baya. Mafi girman irin wannan shi ne binciken Interphone, wanda IARC, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa, ta jagoranta a ƙasashe 13, aka fitar da sakamakonsa a 2010. Ya haɗa masu giliyoma sama da 2,700. Abin da ya fito ya ɗaure wa kowa kai. Masu amfani da waya a kai a kai sun nuna ƙarancin ciwon da kusan kashi 20 cikin 100 idan an kwatanta da waɗanda ba sa amfani da ita. Babu masanin da ya yarda cewa waya na maganin ciwon daji, don haka kowa ya san akwai inda ma'aunin ya karkace. An gano wurin: cikin masu lafiya da aka gayyata, kusan rabi ne kawai suka amsa, kuma waɗanda ba su da waya sun fi ƙin zuwa, don a ganinsu binciken bai shafe su ba. Sai rukunin masu lafiya ya cika da masu waya fiye da yadda suke a cikin al'umma.

Sai kuma ɗaya gefen. Da aka kasa mutane gida goma bisa yawan awannin da suka ce sun yi a waya, gida tara ba su nuna wani hauhawa ba, amma na goma, waɗanda suka kai awa 1,640 a rayuwarsu, kusan rabin awa kullum na shekara 10, sun nuna ƙarin kashi 40 cikin 100. Wannan adadi shi ne ya zagaya duniya. Matsalarsa ita ce ya dogara da tunawar mutum. Cikin 'yan gida na goma akwai waɗanda suka ce suna yin sama da awa 12 a waya kowace rana, a zamanin da kira ke da tsada. Da aka kwatanta abin da wasu suka faɗa da bayanan kamfanonin sadarwa, sai aka ga mutane na zuzuta tsawon kiransu, kuma marasa lafiya sun fi yin haka idan aka tambaye su game da shekarun baya masu nisa. Ba ƙarya suke yi ba. Mutumin da aka ce masa yana da ƙari a dama da kansa, ya kwana yana neman dalili, in ka tambaye shi ta wane kunne yake waya, zuciyarsa za ta kai shi dama. Ga shi ƙarin ƙwaƙwalwa na taɓa tunani, wasu ma 'yan uwansu ne suka amsa a madadinsu. A lokaci guda, Lennart Hardell da abokan aikinsa a Suwidin suna ta fitar da bincike irin wannan da ke nuna haɗari mafi girma fiye da na kowa.

Da waɗannan a hannu masana 31 daga ƙasashe 14 suka zauna a cibiyar IARC a Liyon a watan Mayun 2011, suka saka igiyar rediyo a rukunin 2B. Nan ne labarinki na farko ya samo asali. Rukunan IARC ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa. Rukuni na 1 na abubuwan da aka tabbatar ne, irin su taba, barasa da hasken rana. Rukunin 2A na waɗanda ake kyautata zato ne. Shi 2B kuwa ma'anarsa an ga wata alama, amma ba a iya kawar da yiwuwar cewa kuskuren bincike ne ko dace ba. A cikinsa akwai ruwan ganyen alobera da ba a tace ba, da sinadarin zaƙi na asfatam da aka saka a 2023. A ganina hukuncin 2011 ya dace da abin da ake da shi a wancan lokaci: kira ne a ci gaba da bincike.

Hanya ta biyu ta kauce wa matsalar tunawa. Ana rubuta yadda mutane ke amfani da waya tun suna lafiya, sannan a bi su shekara da shekaru a ga wa zai kamu. Denmak ta bi masu layin waya na farko-farko sama da 358,000 ta hanyar rajistar ciwon daji ta ƙasa, ba ta ga ƙari ba. Masu suka sun ce mallakar layi ba shi ne yawan kira ba, kuma an cire layukan kamfanoni waɗanda wataƙila su ne suka fi kira. Sukar tana da ƙarfi. A Birtaniya, jami'ar Okusfod ta bi mata wajen 776,000 na tsawon shekara 14, sakamakon 2022 bai nuna bambanci ba, ko a ɓangarorin ƙwaƙwalwa da suka fi kusa da kunne, kodayake kaɗan ne cikin matan ke da yawan kira. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne COSMOS, da ya ɗauki mutum sama da 250,000 a Denmak, Finlan, Holan, Suwidin da Birtaniya, ya kuma yi amfani da bayanan kamfanonin sadarwa wajen gyara abin da mutane suka faɗa. A 2024 ya ba da rahoto cewa waɗanda suka fi kowa yawan kira ba su fi sauran kamuwa ba. Game da yara, binciken MOBI-Kids ya duba matasa 'yan shekara 10 zuwa 24 a ƙasashe 14, kusan 900 daga cikinsu masu ƙari a ƙwaƙwalwa, bai sami hujjar cewa waya ce sanadi ba.

Hanya ta uku ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma ita nake fara nuna wa duk wanda ya zo mini da wannan damuwa. Ƙasashen arewacin Turai sun fara amfani da wayar salula tun 1981, kuma suna da rajistar da ke ƙirga kusan kowane mai ciwon daji. Daga kusan babu mai waya aka kai kusan kowa na da ita. Da waya na jawo giliyoma ko da rabin yadda Hardell ya ce, da layin ƙididdigar ya lanƙwasa sama, kamar yadda ciwon dajin huhu ya bi sawun yaɗuwar sigari bayan shekara 20 zuwa 30. An duba alƙaluman daga 1979 zuwa 2016, ba a ga wannan lanƙwasa ba. A Amurka, masu binciken Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa sun lissafa cewa da alƙaluman su Hardell na Suwidin gaskiya ne, da adadin 2008 ya zarce wanda aka gani da aƙalla kashi 40 cikin 100. Ostireliya ma ta duba nata, abu ɗaya. A Ingila an ga wani nau'i mai tsanani na ƙaruwa yayin da wasu nau'o'in ke raguwa, abin da ya fi kama da ingantuwar na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da canjin yadda ake rarraba cutar, musamman a tsofaffi. Abin da wannan hanya ba za ta iya kamawa ba shi ne ƙaramin haɗari da ya taƙaita ga 'yan tsiraru.

Saura ɓeraye, kuma a nan ne har yanzu masana ke ja-in-ja da gaske. Shirin NTP na gwamnatin Amurka, mai gwada illar abubuwa ga lafiya, ya kashe wajen dala miliyan 30, ya jefa ɓeraye cikin igiyar 2G da 3G awa 9 kowace rana na tsawon shekara 2, tun suna ciki. Duk jikinsu ake haskawa, da ƙarfin da ya fara daga kusan iyakar da aka yarda wa kan mutum har zuwa ninkinta huɗu. A rahoton 2018, an sami wani ƙari mai wuyar samu a zuciyar ɓeraye maza: 5 zuwa 6 cikin 90 a rukunin da ya fi shan igiyar, babu ko ɗaya a rukunin da ba a haska ba. A wannan shekarar Cibiyar Ramazzini da ke Bolonya a Italiya ta ba da rahoton irin wannan ƙari a nata ɓerayen maza. Abin da ya sa ban yi watsi da wannan ba shi ne, ƙwayoyin da ƙarin ya fito daga cikinsu irin waɗanda ke lulluɓe jijiyar ji ne, kuma ƙarin jijiyar ji na cikin abin da ake zargi a mutane tun farko.

Amma sakamakon na da abubuwan da ba su daidaita ba. Ba a ga hujja bayyananniya a ɓeraye mata ba, haka ma a wani nau'in ɓeraye mai ƙaramin jiki da aka gwada, maza da mata. Ɓerayen da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai, alhali irin wannan ƙari a tsufa yake fitowa, don haka wataƙila 'yan rukunin kwatancen sun mutu ne kafin nasu ya fito. Sannan manyan ɓeraye maza su ne suka fi ɗumama a irin wannan haskawa, wanda ke nufin zafin kansa na iya zama sanadi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba za a ɗora wannan sakamako a kan mutane ba.

Labarinki na biyu ya fito ne daga jerin nazarce-nazarcen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi don tace duk abin da aka tara. Wanda Ken Karipidis na hukumar kariya daga tiriri ta Ostireliya ya jagoranta ya fito a Satumban 2024. Ya tace bincike 63 da aka wallafa tsakanin 1994 da 2022, bai sami alaƙa tsakanin waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara 10 suna amfani da ita da waɗanda suka fi yawan kira. Ya kira tabbacinsa matsakaici, wanda kusan shi ne iyakar abin da bincike irin na bibiyar mutane ke iya bayarwa. A 2025 kuma nazarin ɓangaren dabbobi ya fito, ya ɗauki sakamakon ɓeraye maza da muhimmanci sosai. Ba saɓani ba ne: ɗaya na cewa igiya mai ƙarfi a duk jiki na iya yi wa ɓera wani abu, ɗayan na cewa yadda mutane ke amfani da waya ba a ga ya yi musu ba. Ga mai tambaya irinki, na biyun ne ya fi kusa da rayuwarki.

Za ki ji ana cewa kamfanoni ne ke sayen sakamako. Zargin ba banza ba ne, domin wani nazari daga jami'ar Ban ta Suwizalan a 2007 ya nuna binciken da masana'antar ta biya kuɗinsa shi kaɗai bai cika ba da rahoton wani tasiri ba. Shi ya sa nake jingina da rajistar ciwon daji ta ƙasashe, wadda babu kamfanin da ke rubuta ta.

Sauran koke-koken zan bi su da sauri. Masu cewa igiyar na sa su ciwon kai ko jiri, ciwonsu na gaske ne, amma a gwaje-gwaje da dama da aka ɓoye musu ko na'urar a kunne take ko a kashe, ba su iya bambancewa ba, kuma alamun na zuwa ko da tana kashe muddin sun zaci tana aiki. An ga ƙananan sauye-sauye a zanen wutar ƙwaƙwalwa lokacin barci, ba tare da an danganta su da wata cuta ba. Hasken fuska da daren da ake rabawa ana latsa waya sun fi ɓata barci. Kan maniyyi, akwai binciken da ya nuna raguwa a masu yawan amfani da waya, sai dai hujjar mai rauni ce, don da wuya a raba tasirin wayar da na yawan zama, ƙiba da shan taba. Ƙarfen sabis kuwa, abin da ke iso mutum daga gare shi ya yi ƙasa ƙwarai da na wayar da ke manne a kunnensa, kuma idan ƙarfen ya yi nisa wayar ce ke ƙara ƙarfi don ta kai gare shi. Yawancin 5G na aiki ne a zangon da ke maƙwabtaka da na 4G, nau'insa mai babban zango kuma ko fata ba ya ƙetarewa, kodayake binciken da aka yi a kansa bai kai na sauran yawa ba.

Tunda aikinki na yawan kira ne, rage abin da ke shiga kanki abu ne mai sauƙi, kuma ban ga laifin yin hakan ba. Ƙarfin igiyar na faɗuwa da sauri da zarar an sami tazara, don haka sa wayar a lasifika ko amfani da abin sauraro na kunne, mai igiya ko na Bluetooth, na rage shi ninki da yawa. Ki guji dogon kira a inda sabis ke da rauni, kamar cikin lif ko motar da ke gudu, don a nan wayar ke buɗe dukkan ƙarfinta. Kada ki sayi 'yan lambobin da ake mannawa a bayan waya da sunan tare tiriri; in ma sun tare wani abu, wayar za ta ƙara ƙarfi ne ta cike giɓin. Yaranki kuwa, ƙoƙon kansu ya fi na babba sirantaka kuma shekarun da za su yi da waya sun fi namu, don haka koya musu kira ta lasifika tun yanzu dabara ce mai kyau, duk da cewa yawancin abin da suke yi da waya a hannu take, nesa da kai. Wanda ke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji shi ne ke da ƙa'ida tabbatacciya: ya bar aƙalla santimita 15 tsakaninta da wayar, kada ya sa ta a aljihun gaba.

Ki kuma sa ran wani sabon kanun labari. Kwamitin ba da shawara na IARC ya nemi a sake zama kan igiyar rediyo, a 2019 da kuma 2024, musamman saboda sakamakon ɓerayen nan. Dokokin cibiyar sun ba da damar a ɗaga abu zuwa wani rukuni bisa hujjar dabbobi ko da ta mutane ba ta ƙaru ba. Idan zaman ya zo aka canza rukunin, ko aka bar shi inda yake, ki nemi sanin a kan wace hujja aka yi hakan, ta ɓeraye ko ta mutane, sannan ki duba ko alƙaluman rajistar ciwon daji sun motsa.